Ranar da Baba Ya Mayar da Aska Cikin Zabira

Babana Sadiƙu wanzami ne a Dumega. Ya fi shekara talatin yana yi wa yaran garin kaciya, ba a taɓa cewa hannunsa ya ɓata ɗan kowa ba. Mutum ne marar magana, har haushi yake ba ni. Sai ka yi masa tambaya uku ya amsa ɗaya.

Bara da sanyi, Nafi'u makiyayi ya kawo ɗansa Huzaifa, mai shekara biyar. Dangi sun taru, an dama fura. Baba ya duba yaron, ya mayar da aska cikin zabira.

"Ba zan yi ba. Kai shi wurin likita a Dogon Dutsi tukuna. Ƙofar fitsarinsa ba inda aka saba take ba."

Kai, ranar na ga tashin hankali! Nafi'u ya ce an kunyata shi gaban dangi. Kafin la'asar magana ta zaga gari, wai tsufa ya kama Baba, hannunsa rawa yake, shi ya sa ya laƙa wa yaro ciwo. Wasu suka ce iska ce ta taɓa yaron, ba zai yi girman maza ba. Gida uku suka kwashe 'ya'yansu suka kai wa wani wanzami. Wallahi na so in fita in wanke su tas, Baba ya ce, "Sumayya, zauna."

Sati biyu Nafi'u yana fushi, sai da kukan matarsa ya ishe shi sannan ya kai yaron. Likita ya auna shi, ya gwada da takardar awon yara, ya ce girmansa daidai yake da na sa'o'insa, ɗan gyara kawai ake buƙata. Kuma da fatar da ake cirewa a kaciya ake yin gyaran, da an yanke da aikin ya yi wuya.

Nafi'u ya zo ya durƙusa a ƙofar gidanmu. "Baba, ka yafe mini, na ɓata maka suna."

Ni har na gyara tsayuwa in ji yadda Baba zai rama. Sai na ga idonsa ya kawo ruwa, abin da ban taɓa gani ba.

"Wane suna, Nafi'u? Sati biyun nan ban ci abincin kirki ba, ina tsoron ka kai shi wurin wanda zai yanka."