Maɓalli na Uku

Ni da ban taɓa riƙe abin da ya fi almakashi kaifi ba, sai ga ni wai ina tsaron rayukan mutane. Shekara goma sha tara ina tela a Unguwar Shanu. Da aikin faɗaɗa titi ya cinye layin shagunanmu, na mayar da keken ɗinkina zaure, masu kawo ɗinki suka yi ta raguwa har suka ƙare. Ga mata, ga 'ya'ya huɗu. Sai na bi wani maƙwabcina zuwa kamfanin masu gadi.

Yawancin waɗanda na tarar tsofaffin sojoji ne da 'yan sanda masu ritaya. Mu da ba mu taɓa sa kaki ba, mako biyu wani tsohon saje ya yi yana fama da mu a fili. In ya ce dama in yi hagu, har ya gaji ya ce in dai na iya tsayuwa ya yafe sauran. Abu ɗaya ya nanata mana: "A bakin get ba ka da uwa, ba ka da uba. Buga waya ciki. An ce buɗe, ka buɗe. An ce a'a, ko limamin unguwarku ne ya koma." Na ɗauka kurari ne irin na soja.

Aka kai ni wani rukunin gidaje a Unguwar Rimi. Tsayuwar ba ta dame ni kamar yunifom ɗin ba. Wanda ya ɗinka shi ko almajirin tela bai kai ba: kafaɗa ta zarce, maɓallan kuwa zare bibbiyu aka ratsa musu.

Wata Alhamis bayan la'asar keke napep ya sauke wani tsoho riƙe da leda. Tun kafin ya juyo na gane tafiyar. Maigidana ne, wanda ya koya mini ɗinki, ya ciyar da ni, ya tsaya mini a aurena. Baba nake ce masa. Kunya ta hana ni gaya masa aikin da na koma. Babban ɗansa kuma, wani babban ma'aikacin gwamnati, shi ne a gida na tara. Kullum ina sara masa yana wucewa, bai taɓa nuna ya san ni ba.

Na durƙusa da yunifom ɗina na gaishe shi. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ashe nan kake? To, Allah ya sa albarka. Kaftani na ɗinka wa jikana, na ce bari in kawo da kaina in ga ko ya yi masa."

Abokin aikina, tsohon soja, yana zaune a benci yana kallonmu. A makon da ya wuce aka kori wani don ya buɗe wa surukar mai gida ba izini. Na buga waya.

"Ina da manyan baƙi," in ji ɗan. "Ka ce ba na nan. Zan je in gan shi ranar Asabar."

Makullin yana hannuna. Murɗawa ɗaya ce. Na tuna 'ya'yana, na tuna keken da ƙura ta rufe a zaure. Na ce, "Baba, wai ba ya nan."

Ya leƙa ta tsakanin ƙarafan get. Motar ɗansa na nan a ƙofar gida, kowa na ganinta. Da ya juyo, sai idonsa ya sauka a ƙirjina.

"Wa ya ɗinka maka wannan abin? Matso."

Maɓalli na uku ne ke lilo. Ya zaro allura daga hularsa, inda take zama tun ina yaro. Zaren ya ƙi shiga, sai ni na zura masa. A tsaye ya ɗinke shi a jikina, ya naɗe wuyan maɓallin sau biyar kamar yadda ya koya mana, ya datse zaren da haƙori.

"Ɗinki na koya maka," ya ce a hankali. "Ban koya maka ƙarya ba, shi ya sa ba ka iya ta ba. Riƙe aikinka, kana da iyali."

Ya miƙo mini ledar in ba su. Na tsayar masa da keke, ya tafi bai waiwayo ba. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ko ɗan ya je ranar Asabar, ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na sani, ni ban je ba. Kullum sai in ce gobe, in kasa haɗa ido da shi ko a zuci. Kwana ashirin da wannan rana aka yi mini waya ina bakin get, aka ce ya rasu.

A maƙabarta na ga ɗan yana kuka kamar ransa zai fita. Na so in ji haushinsa, na kasa. Shi umarni ya bayar ta waya, bai ga fuskar tsohon ba. Ni na gan ta, kuma makullin a hannuna yake.

Har yau ina wannan get ɗin, ina sara wa motar gida na tara safe da yamma. Yunifom ɗin ya koɗe. Sauran maɓallansa duk sun zube ɗaya bayan ɗaya, na sake ɗinke su da hannuna. Na ukun nan kuwa ko motsi bai taɓa yi ba.