Rabin shaidar da na bayar

Lokacin da zinariya ta bayyana a Djado, na rufe shagona na ɗinkin takalma a tsohon garin Agadez na bi kamiyo, babbar motar masu zuwa haƙa. Ƙarfin haƙa ba ni da shi, sai abokan tafiyata, mu bakwai ne, suka ba ni girki da shayi. Duk abin da aka samu raba shi ake yi daidai, don haka gajiyar kowa asarata ce. Wani direba ya koya mini dabara: a murƙushe ƙwayar tramol mai kashe gajiya a butar farko ta safe. Wata huɗu ina yin haka, ban gaya wa kowa ba. Sun yi ta yaba hannuna.

A cikinsu akwai wani maƙeri ɗan unguwarmu, magidanci, wanda ko goro ba ya ci. Da muka dawo Agadez ya gano abin da jikinsa ke nema, ya fara saye da kansa. Shekara biyu ya yi a ciki. Sau ɗaya ya faɗi yana shure-shure a kasuwar dabbobi, gaban jama'a. Daga baya ya daina, ban san yadda ya yi ba. Ya shiga jigilar albasa daga Tabelot, ya yi kyan gani.

Da zaɓen konseye, wato kansila, ya zo, ya tsaya takara. A unguwarmu maganar kampanye ba ta da nauyi. Dattijon da ya taɓa tafiya da mutum ake tambaya, abin da ya faɗa shi ne. Wata rana bayan la'asar wani mai goyon bayan ɗaya ɗan takarar ya same ni a fada, majalisar hirarmu, tabarma cike.

"Baba, kai ka zauna da shi a daji. Gaskiya ne a Djado ya fara shan ƙwaya?"

Na ce, "Gaskiya ne."

"To, kun dai ji daga bakin dattijo."

Na gyara zama. Ban yi ƙarya ba, kuma ba wanda ya tambaye ni wa ya ba shi.

Aka yi mako ana gardama. Ƙanen liman ya ce wanda ya tuba kamar bai yi ba ne. Mai sayar da gawayi ya ce tuba tsakaninsa da Ubangiji ce, hatimin mairi kuwa, ofishin magajin gari, na mutane ne. Ina jin su, kowa da gaskiyarsa, amma farkon maganar yana cikina.

Saura kwana uku zaɓe aka yi sunan jikan maƙwabcina. Ana shafa fatiha na miƙe na faɗi komai, har yawan ƙwayar da nake zubawa. Sai wani tsoho daga baya ya ce, "Wato dai ya sha ɗin."

Na ce, "Ya sha."

Waɗanda ba su ji labarin a fada ba, ranar suka ji shi.

Maƙerin bai ci zaɓen ba. Bayan mako guda ya zo shagona ya zauna kan benci.

"Baba, an ce ka yi jawabi."

"Na yi."

"Ai tun watan da muka dawo na gane. Furfurarka na duba na yi shiru."

Na ce masa ya yafe mini. Sai ya ce:

"Na Djado na yafe tuntuni. Na wurin suna, ka ba ni lokaci."