Rubutun Sirrin da ke Jikin Buhuna

Har in bar aikin nan ba na jin zan manta da wata safiyar Talata. A lokacin ina tafinta a wani ofishin lauyoyi a Washington, masu shari'ar jiragen ruwa. Faransanci da Turanci aka ɗauke ni yi, ba wanda ya taɓa tambayata Hausa.

Ga waɗanda ba su san harkar ba: in ana yaƙi, ƙasar da ke faɗa tana iya tare jirgin 'yan kasuwa na ƙasar da ba ruwanta, ta bincike shi, in ta ga kayan yaƙi ta riƙe. Haka aka yi wa wani jirgi da ya taso daga Afirka ta Yamma. Ofisoshin jakadancin ƙasashen biyu suka yi watanni suna jifan juna da wasiƙu, ma'aikatan jirgin kuwa suna tsare, nesa da iyalansu. Mu ne lauyoyin mai jirgin.

An warware komai sai abu guda. A wata kwantena an samu buhunan wani abu fari mai kama da dutse, kowane buhu da rubutu cikin haruffan Larabci. Masu Larabcin ƙasar da ta kama jirgin suka duba suka ce ba su gane ko kalma ɗaya ba. Sai sojojin ruwanta suka yanke cewa saƙon sirri ne, kayan kuma na haɗa bam ne. An yi gwaji, amma kowane ɓangare ya ƙi yarda da sakamakon ɗayan.

Ranar Talatar nan aka yi taro da ɗaya ɓangaren, ina zaune kusa da ogata, wata dattijuwar lauya marar wasa. Aka haska hotunan buhunan a bango. Ina ɗaga kai na ga ajami, Hausa tsantsa, irin wanda kakata ta koya mini a Zinder. Dariya ta kuɓuce mini. Ogata ta taka mini ƙafa.

"Lafiya, Hajara?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ina iya karanta wannan."

Wakilin ƙasar da ta kama jirgin ya cire tabarau ya ce in karanta. Na farko: "Kanwar Hajiya Laure, kada ruwa ya taɓa." Na biyu: "Wannan na Inna ne, ba na sayarwa ba." Na uku sai da na ciji leɓe: "Sale, in ka ƙara zama a kan buhun nan, Allah ya isa."

Ya tambaya da gaske, "Wane ne Sale?"

Na ce da alama ɗan dako ne. Na kuma yi musu bayanin cewa kanwa muke sawa a miyar kuɓewa da wake.

Ƙa'ida ta hana a karɓi maganata ni kaɗai, tunda ɓangare guda nake wa aiki. Na yi rantsuwa a rubuce, suka nemo wani malamin jami'a ɗan Kano, ya karanta daidai yadda na karanta. Ba a jima ba aka saki jirgin. Da labarin ya iso, a cikin lif ɗin hawa bene na cire takalmi ina rawa, ƙofa ta buɗe, ogata ta same ni a haka. Ta shigo, ta danna maɓalli, ta ɗan kaɗa kafaɗa ita ma.

Abin da na koya shi ne, manyan wannan harka ta jiragen ruwa sun gwammace su riƙe jirgi da mutanensa wata da watanni da su ce ba su sani ba. Ku sababbin tafintoci, duk abin da kuka iya karantawa ku rubuta shi a takardar neman aiki, ko da a tsakar gida kuka koya.