Wayar da Ba a Tura Ba

Ina kan keken ɗinki ina haɗa jakar tamfol ta gasar bana, ƙanin Malam ya tsaya a bakin shagona ya ce yayansa ya cika. Ƙafata ba ta daina taka keken ba sai da zare ya ƙare.

Tare muka tashi. Ni na tsaya a firamare na kama ɗinki, shi ya yi gaba ya zama malamin kimiyya. Malam Ƙararrawa yara ke ce masa. Duk shekara ɗaliban makarantu na gasar ƙera mutum-mutumi, wani ɗan inji mai tayoyi da hannu ɗaya, wanda ke tsintar ƙwallo yana jefawa a kwando. Ranar da wa'adin ƙira ya cika sai a buga ƙararrawa, kowa ya ɗauke hannu, a zura injin a jaka a ɗaure bakinta. Ba mai sake taɓa shi sai a filin gasa. Ni ke ɗinka jakunkunan, shi ke ɗaurewa.

Nakan ce masa, "Yara ne fa, ka riƙa ɗaga musu ƙafa."

Sai ya ce, "Tela, kai da ba ka taɓa gama riga ranar da ka yi alkawari ba? In babu ƙararrawa, yaro sai ya yi furfura yana gyara."

Ba zan zalunce shi ba, na ga ragwaye sun zama mutane a hannunsa. Amma na ga Auta ma.

Auta 'yarsa ce, ita ta jagoranci 'yan makarantarsu a shekararta ta ƙarshe, kuma injinsu ya fi na kowa. Ina tsaye riƙe da jaka aka buga ƙararrawa. A lokacin ta hango wata siririyar waya ta zare daga gindin hannun injin.

"Baba, waya ɗaya ce. Tura ta kawai zan yi."

"A nan ni ba babanki ba ne. An buga."

Da hannunsa ya zura injin ya ɗaure.

Ranar gasa kuwa ba a yarda a gyara komai, daga jaka sai fili. Injin ya ruga da kyau har gaban ƙwallo, ya tsaya yana tunkuɗarta, hannun na lilo. Zauren ya ɗauki dariya. Wani ya ɗauka a wayar salula ya yaɗa, har a titi ana ce wa Auta Mai Shanyayyen Hannu. Waɗanda suka ci aka ɗauke su ƙarin karatu. Ita ba ta sake riƙe sukudireba ba. Ta sami aiki a wani gari mai nisa, kuma tun ranar ba ta ƙara ce masa Baba ba, sai Malam.

Injin yana kan durowar ɗakinsa har yau, wayar na reto. Na taɓa kai hannu zan tura ta, ya buge min yatsu.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ƙafafunsa suka kumbura, sai ya ce in kira masa ita. Na fita barandar asibiti na kira. Ta gaishe ni da ladabi, ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Baba Tela, ka ce masa an buga."

Na koma na zauna ina ta gyara masa bargon da ba abin da ya same shi.

"Yaushe za ta zo?"

"Tana dai dubawa."

"Tela, kai ƙaryarka ba ta wuce ranar gama ɗinki. Me ta ce?"

"Ta ce an buga."

Ya daɗe yana kallon ruwan da ke ɗiga cikin jijiyarsa.

"Ba ta ƙara komai ba?"

"Ba ta ƙara ba, mutumina."

Ya juya fuskarsa bango. Na ɗauka barci ya yi, har na tashi zan fita.

"Jakunkunan bana fa," ya ce. "Kada ka makara."

Na ce, "Ba zan makara ba."