Ƙurungun Malam Bitrus

Shekara uku ke nan da rasuwar Malam Bitrus, mutumin da gwamnati ta ɗauka aiki don ya ƙirga kifin koginmu, Mayo Yedzaram. Na san mai karatu zai yi dariya. Mu ma mun yi, shekara ashirin da ɗoriya muna yi, kuma ni na fi kowa buɗe baki. Sunana Buba. Aji uku na yi a firamare, malaminmu ya ce wa babana idan ya mayar da ni gona ya taimaki kowa. Saboda haka duk inda kuka ga rubutun nan ya karkace, daga wurina ne.

Mun haɗu a shekarar da aka raba Gongola aka ba mu Adamawa. An turo shi ofishin kula da kifi a Mubi, yana neman mai babur da zai riƙa kai shi bakin mayo. Ni kuwa ina da babur, ba ni da aikin yi. Da na ji an ce kifi, sai na ɗauka cikina ya samu. Ranar farko masunta suka ja taru, aka zuba kifi a daro mai ruwa, ni har na fara tunanin yaji. Sai na ga mutumin nan yana ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, ya auna da rula, ya rubuta, ya mayar cikin mayo. Na ce, "Malam, ko cocinku ne ya hana?" Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Buba, riƙe daron."

Amsar da ya yi ta ba ni ke nan har muka tsufa.

Da ƙafa muka bi mayon nan da rassansa, tun daga wajen Sahuda har mu gangaro mu wuce Lamorde. Ni nake shiga ruwa da gora in auna zurfi, don ni ne dogo, kuma wandona ba shi da abin da zai yi asara. Shi yana bakin gaɓa da babbar takarda yana zana taswira: nan yashi ne, nan duwatsu, nan inuwa, nan kifi ke zuba ƙwai, nan ruwa ke zama har damina ta dawo.

Yana da wata dabara da ƙurungu. Kifin nan yana da 'yar tsoka a bayansa kusa da wutsiya, wadda idan aka yanke ba ta sake fitowa. Sai ya sa ɗan almakashi ya tsinke ta, ya sake shi. Idan shekara ta zagayo aka ja taru, ya ware masu alama da marasa alama, daga nan wai yake gane yawan waɗanda ba mu gani ba. Ya sha yi mini bayanin lissafin. Ina gyaɗa kai kamar babban mutum, har ya bar duniya ban gane ba.

Abin da na gane shi ne gurbin tsamiya. Wani wuri ne mai zurfi a ƙasan Lamorde, inda ruwa ba ya ƙafewa da rani, kifi ya taru ya jira damina. Bitrus ya yi ta zirga-zirga wajen Jauro, wato mai unguwa, da dattawan masallaci da na coci har aka yarda a bar gurbin: ba guba, ba injin ban ruwa, ba kamu sai ranar ƙirga. Ba takardarsa ce ta shawo kansu ba. Bayan damina ne mutane suka fara kama ƙurungu mai yankakken baya can nesa da gurbin, sama da ƙasa, suna cewa, "Yau na kama na Bitrus." Suka gane daga ina abincinsu ke fitowa.

Sai shekarar da 'yan bindiga suka shiga Mubi. Muka fita da ƙafa kamar kowa, muka nufi Sahuda. Bitrus yana da ciwon suga, maganinsa kuma yana kan tebur a gida. Ba harsashi ne ya kashe shi ba, tafiya ce. Ya zauna a gefen wata gonar dawa ya ce zai huta, bai sake tashi ba. Ni da wasu mutane biyu da ban san sunansu ba muka ari fartanya muka rufe shi. Ɗayansu ya yi masa addu'a irin tasu, na ce amin. Muka ci gaba da tafiya. Na yi tsammanin kuka zai zo idan mun isa. Muka isa, muka dawo, har yau ina jira.

Da muka dawo, ofishinsa ya ƙone, taswirar da komai. Matarsa ta ba ni almakashin, shi kaɗai ta samu a aljihun tsohuwar rigarsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga mayon yau. Tifa na kwasar yashi daidai inda ya rubuta cewa kifi ke zuba ƙwai. Masuntan da muka sani, wasu ba su dawo ba, ba mu kuma da lissafin da zai gaya mana inda suke. Ina jin ba zai yi faɗa ba. Zai nemi sabuwar takarda ne, ya ce in shiga ruwa.

Bana da rani Jauro ya aiko aka kira ni. Mutane sun dawo hannu wofi, suna so su sa inji a gurbin su yi albasa. Ban ga laifinsu ba. Jauro ya ce, "Bappa Buba, mai maganar ya tafi, maganar ma ta tafi. Kai ne ka rage, me ka ce?" Ban san daga ina ta fito ba, na ji bakina yana cewa a ja taru, idan aka samu na Bitrus ko ɗaya ne a bar gurbin.

"Na yarda," in ji Jauro. "Amma kawo almakashin da ke aljihunka."

"Haba Jauro, ni?"

"Kai ɗin. Ba yau na san ka ba, sai ka yanke wani a ɓoye."

Na ba shi. Ban ce ya yi ƙarya ba.

Aka ja na farko: karfasa, tarwaɗa, ƙananan ƙurungu kowanne da tsokarsa. Masu inji suka fara kwance tiyo. A ja na biyu ne na laluba daro na ɗago wani tsoho, baƙi, yana wannan gurnani nasu. Na shafa bayansa. Sumul, yankan ya warke tuntuni. Na miƙa wa Jauro ya shafa, ya miƙa wa na kusa da shi. Ni dai sanyin ruwa kawai nake ji a gwiwata.

"Shekara ɗaya," in ji Jauro. "Baɗi mu sake dubawa."

Abin da ya rage na Bitrus ke nan: ba taswira, ba kabarin da zan iya nuna wa 'ya'yansa, sai kifi ɗaya da ya tsufa, da gurbin da aka ɗaga wa ƙafa shekara guda. Ƙurungu kuwa ba ya dawwama. Ina cikin wannan tunani Jauro ya miƙo mini almakashin, ya nuna ƙananan da ke daro da haɓa. Idan na yanke su, baɗi ba mai iya bambanta nawa da na Bitrus. Jauro ya san haka. Ni ma na sani.

Na tsuguna na fara, ba rula, ba lissafi. Jauro ya leƙo ya ce, "Bappa, duk wahalar nan ko ɗaya ba za a soya ba?"

Na ce, "Jauro, riƙe daron."