Mai Ƙirga Bokitai

Shekara goma sha ɗaya Inna Mai Makulli ta yi tana gadin ɗakunan kwanan ɗalibai mata, a kan kujerar roba, da wani tsohon koren bokiti a gefenta wanda ba mai taɓa shi ya kwana lafiya. Ga faɗa, ga baki. Ofis gadaje yake ƙirgawa, ita kuwa bokitai. Ɗaki mai gado shida, bokiti goma a baranda, ai magana ta ƙare: huɗu 'yan raɓe ne, waɗanda suka rasa gado suke matsawa a katifar ƙawaye. Doka ta ce a kore su. Inna kuwa in ka tambaye ta, ba ta taɓa ganin kowa ba.

Ranar rigakafin sanƙarau, jami'in ɗakunan ya kafa tebur da takardar masu gado, sai an ga sunanki a yi miki allura. 'Yan raɓe tun da safe suka shige banɗaki da bayan shanya, don duk wadda ta fito ta tona kanta.

Ran Inna ya ɓaci. Ta bi baranda tana ƙwanƙwasa bokitai da makulli. "Mai shuɗin nan, fito! Ke mai tsagaggen murfi, ina ganin ƙafarki, 'yar nema!" Haka ta koro su har bakin tebur.

Jami'in ya miƙe. "Inna, waɗannan fa? Ba sa cikin takarda."

"Shi ciwon ya iya karatu ne, da zai duba takardarka? Iska ɗaya suke shaƙa, kofi ɗaya suke sha."

Malamar asibiti ta ce allura dai akwai ta har da rara.

"A yi musu," in ji jami'in. "Amma ki ba ni sunayensu da lambar ɗaki, ko ki ajiye makullan nan."

Bai sani ba, autar Inna ma 'yar raɓe ce a wata makaranta, shekarun baya. Zazzaɓi ya kama ta, wuya ya sanƙare, ƙawayenta suka ɓoye ta kwana biyu don tsoron kora. Kayanta kawai aka kawo wa Inna gida. Wannan baƙin cikin ne ya kawo ta aikin nan, kuma har yau bai sake ta ba.

Ta dire makullan a kan takardarsa. "Yallaɓai, ni ban san sunan kowa ba. Bokitai na sani, je ka tambaye su."

Ba ta motsa ba sai da ta ga an tsira wa ta ƙarshe allura a dantse. Sannan ta gyara mayafi, ta bar musu kujerarsu, ta ɗauki koren bokitin autarta ta fita.