Waƙoƙi Tara da Nafi'u Ya Bari

A daminar nan ƙanena Nafi'u ya cika shekara bakwai da rasuwa. Ciwon sikila ne ajalinsa, yana da shekara ashirin da shida. Bai yi aure ba, bai bar gona ko gida ba. Abin da ya bari shi ne albam ɗaya mai waƙoƙi tara, irin gambarar zamanin nan da samari ke kira rap, wanda ya sa wa suna "Kwanar Dangora Ba Inuwa". Duk shekara nakan ce zan zauna in rubuta abin da na fahimta game da waƙoƙin nan. Bana da na zauna, sai na tarar abin da ban fahimta ba ya fi yawa, don haka shi zan rubuta.

Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata a Kiru, kullum daga Yako nake zuwa. Waƙa nake koyarwa, kari da amsa-amo da adon harshe. Shi kuwa Nafi'u man fetur yake sayarwa a kwalabe a bakin titin Kwanar Dangora, don jikinsa ba ya ɗaukar noma. Wata biyar ya yi yana zarya zuwa wani ƙaramin sutudiyo a Kano, kuma ranar da aikin ya kammala ni ya fara kawo wa. Ya same ni a tsakar gida ina tankaɗe, ya ɗora wayarsa a kan turmi, ya kunna, ya koma gefe ya tsuguna.

Kiɗan kamar ana dukan ƙofar langa-langa. Muryarsa a dushe, yana haki tsakanin magana da magana. Ya ambaci samarin da ke wuni a kan benci ba aikin yi, ya jero sunayen abubuwan da suke sha ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi yadda ake kwasarsu a mota lokacin zaɓe a ba su riga da hula. Bai kama sunan kowa ba, amma duk ɗan Yako ya san da wa yake. Waƙa biyu na ji na ce ya kashe. Na ce masa wannan ba waƙa ba ce, tonon asiri ne da hayaniya, kuma ban ji baiti ɗaya da zan iya rubutawa a allo gaban ɗalibaina ba.

Ya ɗauki wayarsa ya ce, "Yaya, ai ba don a ji daɗi na yi ba."

Na tambaye shi to don me, sai ya yi murmushi ya fita. Bayan wata huɗu muka binne shi.

Bayan sadakar bakwai Kawu Sule, yayan mahaifiyarmu, ya tara mu. Ya ce mamaci na buƙatar abin da zai riƙa kai masa haske, kuma yana tsoron kada kiɗan nan ya zame wa yaron nauyi a kabari duk lokacin da wani ya kunna. Ba da faɗa ya yi maganar ba, hawaye ne a idonsa. Inna, mahaifiyarmu, ba ta taɓa jin ko waƙa ɗaya ba. Ni aka aika wurin mai shagon cajin waya na Kwanar Dangora, abokin Nafi'u, wanda ke tura wa mutane waƙoƙin a waya. Ya goge su a gabana ba musu. Sannan ya gaya mini cikin ladabi cewa tuni direbobi suka kai su Tudun Wada da Doguwa, kuma shi ma daga wayar wani ɗan Bebeji ya sake jin su.

Daga nan ruɗanina ya fara, har yau bai ƙare ba. Wata rana wani magidanci manomin masara ya zo takanas daga Doguwa don ya gaida Inna. Ya ce waƙa ta huɗu ce ta raba shi da shaye-shaye, domin ya ji kamar an leƙa ɗakinsa an ba da labarinsa, kunya ta kama shi. Ba a yi wata biyu ba wata maƙwabciyarmu ta tare ni a gidan suna, ta ce a waƙar ƙanena ɗanta ya haddace sunayen ƙwayoyi. Na tambaye ta wace waƙa. Ta huɗun ce dai. Dukansu biyu na san ba ƙarya suke yi ba.

A zaɓen da ya wuce kuma na ji motar kamfen ta ratsa kasuwa da lasifika, tana kaɗa amshin waƙar da Nafi'u ya yi a kan masu kwasar samari. Sun yanke baitukan, sun bar amshin, samarin da ke saman motar suna bi da ƙarfi. Na tsaya ina tunanin abin da zai ce da yana raye. Wataƙila ya yi dariya har ƙirjinsa ya riƙe, kamar yadda ya saba. Wataƙila kuma ya shiga ɗaki ya ƙi cin abinci. Ni da na goya shi ban iya cewa ga wanda zai yi ba.

Sauran waƙoƙin ban neme su ba, su suka same ni. Shekara uku bayan rasuwarsa, da la'asar, ina cikin ƙaramar bas daga makaranta, direba ya kunna wata da ban taɓa ji ba. Muryar na fara ganewa. Yana ba da labarin yadda ciwon ke tashi, kamar ana niƙa ƙashinsa a inji. Ya ce akwai wata mata da ke zama wajen ƙafafunsa, hannu ɗaya da tawul a ruwan zafi tana gasa masa gwiwa, ɗaya hannun da jan biro tana duba takardun ɗalibai. Ya ce ba ta taɓa tambayarsa me zai zama idan ya girma ba, domin ita ma tana wurin ranar da likita ya yi bayani. Kusa da ni wata Bafulatana ce da ƙwaryar nono a cinya, tana bin kalmomin a hankali, ba ta kuskure ko ɗaya. Na ce wa direba ya tsaya. Ya ce, "Malama, ai ba mu iso Yako ba." Na ce na sani. Ragowar hanyar a ƙafa na taka.

Gaskiya ya faɗa, ban taɓa tambayarsa ba. Abin da ban sani ba shi ne ko ƙorafi yake yi ko godiya. Na saurari waƙar ya fi sau ɗari tun daga ranar, wata rana in ji wannan, wata rana in ji wancan. Na kuma tambayi ɗalibaina abin da suke so a albam ɗin, tunda rabinsu sun haddace shi. Ɗaya ta ce saboda ba ya yi musu nasiha. Wata ta ce duk waƙoƙin da ake sa musu a rediyo na mutanen da suka yi wanka ne, wannan kuwa na wanda ya wuni a rana ne. Na rubuta maganarta a bayan littafina, amma idan aka ce in auna baitukan da ma'aunin da nake koyarwa, har yanzu ba za su ci jarrabawata ba.

Kawu Sule ya tsufa, kullum yana yi wa Nafi'u addu'a, bai kuma sauya ra'ayi ba. Ni ma ban iya cewa ya yi kuskure ba. Idan na ji an kunna a shagon mai shayi, nakan yi wa ƙanena istigfari, sannan in rage sauri don in ji ƙarshen baitin.

Makon jiya Inna ta ce in kunna mata. Idonta ya yi rauni yanzu, takan wuni a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Na zaɓi wadda ba zagi a ciki, na ajiye wayar kusa da kunnenta. Ban ga alamar tana bin kalmomin ba. Da aka kai tsakiya ta ɗaga hannu, na tsayar.

Ta ce, "Ranar da ya yi wannan, ƙafarsa ta hagu na ciwo. Ji yadda yake jan numfashi. Kuma bai karya ba ya fita."

Na tambaye ta ko in ƙarasa mata. Ta ce a'a, ya isa haka, in tashi in ɗora sanwa. Ina hura wuta na ji tana kiran sunansa a hankali tana sa masa albarka, irin yadda take yi idan zai fita da safe. Allah ya jiƙan Nafi'u, ya yafe masa abin da ya yi kuskure a ciki, mu kuma ya yafe mana abin da muka ƙi saurare.